Na wanke kujera sau uku, zarnin fitsarin mage ya ƙi tafiya

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu kiwon mage ku agaza mini, abin ya kai ni maƙura. Muzurun yarana, bai ma cika shekara ba, ya tsula fitsari a doguwar kujerar falo, can lungun da hannun kujera ya haɗu da mazauni. Ban gani ba sai da ya bushe, hanci ne ya kai ni wurin. Na wanke da ruwan zafi da sabulu, na dirje da buroshi har hannuna ya yi tsami, na juye kusan rabin kwalbar turare. Kwana biyu lafiya lau. Shekaranjiya aka yi ruwan sama, ina buɗe ƙofar falo zarni ya yi mini sallama kamar yanzu aka yi shi. Wanki na uku ke nan. Abin da ya fi ci mini rai, jiya ya sake komawa wurin dai. Maigidan ya ce ko magen ko kujerar, ɗaya zai bar gidan. Yara kuma sai kuka. Ya zan yi?

Ɗan Auta: Wa alaikumus salam Anti. Ai maigida ya riga ya yanke hukunci, ke kawai ki zaɓi wanda ya fi sauƙin ɗauka. Mage a hannu ɗaya ake ɗaukarsa, kujera sai ƙarti huɗu.

Gimbiyar Tsafta: 'Yar uwa bar wahalar da kanki. Bilic ki samu, ki zuba shi tsagwaronsa a wurin. Ni babu warin da ya taɓa gagarar bilic a gidana.

Malamin Kimiyya: Hajiya Gimbiya ki yi haƙuri zan katse ki, don wannan shawarar tana da haɗari. Tsohon fitsari cike yake da ammoniya, wani sinadari mai zarni, bilic kuwa idan ya haɗu da ammoniya yana fitar da hayaƙin da ake kira kuloramin, mai yaji a ido, mai shaƙe maƙogwaro da ƙirji. A falon da aka rufe tagogi, ga yara, ba abin wasa ba ne. Haka in aka haɗa bilic da ruwan khal, shi kuma iskar kulorin yake bayarwa. Ban da haka zai cinye kalar yadin kujerar, ta tashi da farin tabo kamar taswira.

Maman 'Yan Biyu, ga abin da ya sa zarnin yake dawo miki. Fitsarin mage kauri gare shi, domin ƙodarta tana tsimin ruwa sosai. A cikinsa akwai abin da sabulu yake wankewa cikin sauƙi, akwai kuma wani gishiri da ake kira yurik asid wanda da ƙyar yake narkewa a ruwa. Idan fitsarin ya bushe sai ya maƙale a zaren yadi da cikin soso. Muddin wurin a bushe yake, shiru kike ji. Da iska ta yi danshi sai ya farka, shi ya sa ranar ruwan sama ya tona miki asiri. Turaren da kika fesa lulluɓe shi kawai ya yi.

Gimbiyar Tsafta: To Malam ni dai shekara nawa ina wanke banɗakina da shi, ga ni nan da raina.

Malamin Kimiyya: Allah ya ƙara lafiya Hajiya. Amma a banɗaki kina kora ruwa tukuna, kuma tayil ba ya shan komai. Soso kuwa ya riga ya ƙoshi da fitsarin.

Inna Mai Kyanwa Bakwai: 'Yata sannu da fama. Ni da kyanwa muka tsufa tare, ba tabon da ban gani ba. Kuskurenki na fari ruwan zafi, na biyu buroshi. Zafi dafa tabo yake yi ya kama zare, dirza kuwa tura shi ciki take yi, tana kuma faɗaɗa shi. Gaba in kin kama shi da ɗanyensa, tsohon tawul za ki ninka ki ɗora, ki danna da dukkan nauyinki, in kafet ne ki hau kai ki tsaya. Ya jiƙe ki canza wani, har sai kin ɗaga kin ga ba laima. Sannan ki auna ruwan khal fari kofi ɗaya, ruwan sanyi kofi ɗaya, ki jiƙa wurin, ki bar shi minti 10, ki sake tsotsewa da tawul. In ya sha iska ki barbaɗa bekin soda da kauri, ta kwana, da safe ki share. Haka nake yi tun kafin a haifi wasunku a zauren nan.

Amaryar Bana: Inna ni a wani bidiyo na ga an haɗa khal ɗin da sodar a kwano ɗaya, yana ta kumfa yana tafasa, sai aka shafa. Ba ya fi ƙarfi ba?

Malamin Kimiyya: Ƙanwata kumfar nan ita ke yaudarar mutane. Khal tsami ne, soda kishiyarsa ce, in suka haɗu kashe juna suke yi. Abin da zai rage miki a kwanon ruwa ne da ɗan gishiri, kumfar kuma iska ce mai tashi ta tafi. Yadda Inna ta faɗa, ɗaya bayan ɗaya, shi ne daidai. Sai dai Inna da girmanki, khal yana kwantar da ammoniya ne, bai iya da wancan gishirin da na ambata ba. A sabon fitsari yana aiki. Na Maman 'Yan Biyu da ya bushe, ya sha ruwan zafi, aka kuma ƙara masa wani a kai, ina shakka.

Inna Mai Kyanwa Bakwai: Malam ka zo gidana ka shinshina, in ka ji wani abu ka faɗa.

Ɗan Auta: Inna a yi mini afuwa, amma mai kyanwa bakwai ba shi ake tambaya ko gida yana wari ba. Baƙo ake tambaya.

Inna Mai Kyanwa Bakwai: Ja'iri. Zan kama ka.

Malamin Kimiyya: Wasa yake yi amma akwai gaskiya a ciki, hanci yana sabawa da warin da yake zaune da shi har ya daina jinsa. Ba Inna kaɗai ba, kowa haka yake. Abin da nake ba da shawara shi ne ruwan wanki mai enzayim, wanda aka rubuta a jikin kwalbarsa cewa na fitsarin dabbobi ne. Shi farfasa dattin yake yi har ya zama abin da zai bi iska. Amma yana da sharuɗɗa, kuma yawancin masu cewa bai yi musu aiki ba su suka karya su. Ba a fesa shi sama-sama kamar turare, jiƙa wurin ake yi sharkaf. A ba shi lokaci, aƙalla minti 15, tsohon tabo kuwa sa'o'i, a rufe da leda kada ya bushe da wuri, don da ya bushe aikinsa ya tsaya. A bar shi ya bushe da kansa, ban da dutsen guga, ban da na'urar busar da gashi. Kuma tunda kin riga kin loda sabulu da turare, ki fara ɗauraye wurin da ruwan sanyi zalla ki tsotse, saboda ragowar sabulu mai ƙarfi na iya raunana shi.

Tsohon Kafinta: Salamu alaikum. Na karanta duka, kowa ya yi ƙoƙari, amma ba a nan gizo yake saƙar ba. Ni aikina ke nan, na yaye rigar kujeru ba adadi. Duk kuna maganar yadi, alhali yadin fata ce kawai. Tabon da kika gani a sama kamar tafin hannu, in na farke miki za ki tarar a cikin soso ya kai faɗin faranti, don fitsari in ya shiga bazuwa yake yi yana gangarawa. A lungun da kika faɗa ma ya fi muni, nan ne yake zurarewa ya sauka kan katakon ƙashin kujerar, katako kuma ya sha. Na taɓa buɗe wata, sama fes kamar sabuwa, ina ɗaga soson sai ga shi ya yi ruwan ɗorawa har ƙasa, ƙusoshin wurin duk sun yi tsatsa. Mai ita ta rantse mini ta wanke ta fi sau goma, kuma na yarda da ita.

Hajiya, mazaunin naki ana cire shi? Yana da zif?

Maman 'Yan Biyu: Eh Baba, matasan ana cirewa kuma da zif a baya. Hannun kujerar ne a haɗe.

Tsohon Kafinta: To kin yi sa'a rabi. Zare rigar ki wanke ta daban da ruwan sanyi, ki shanya a inuwa kada ta ƙanƙance ta ƙi komawa. Soson ki fitar da shi waje, ki zuba maganin da Malam ya ce daidai yawan abin da kike zaton muzurun ya zuba, ko fiye, ki riƙa dannawa da hannu yana shiga yana fita kamar kina wanke soson wanka. Kada ki murɗe shi, yagewa yake yi. Ki jingine shi a tsaye inda iska take kaɗawa. Soso mai kauri yakan kwana biyu ko uku kafin cikinsa ya bushe, kuma in kika mayar da shi da laima kin yi gudun gara kin faɗa gidan zago, warin fumfuna ne zai gaje wurin. Hannun kujerar da ba ya ciruwa, ki samu sirinji babba ki ɗura maganin ta cikin yadin a wurare da dama. In duk kin yi bai tafi ba, a yanke soson wurin a sa sabo, ba sai an yar da kujera ba.

Wani abu kuma, ki leƙa ƙarƙashin matashin, wasu kujerun suna da ɗan ƙyalle mai harafi. W na nufin ruwa ba ya ɓata ta. S na nufin ban da ruwa, sai maganin wankin da ba ruwa a cikinsa. X kuwa shara kawai ake mata. Ko babu ƙyallen, ki fara gwada maganin a bayan kujera inda ido ba ya kaiwa.

Mai Jinyar Dabbobi: Anti ni ta wani ɓangaren zan shigo, don a asibitin dabbobi nake aiki. Ko kin wanke kujerar ta koma kamar daga shago, in ba a gano abin da ya kai shi can ba, tsugune ba ta ƙare ba. Tambaya biyu. A tsugune yake yi ya tara shi wuri ɗaya, ko a tsaye yake ɗaga wutsiya tana karkarwa ya fesa a jikin abu? Sannan an yi masa fiɗiya?

Maman 'Yan Biyu: Na jiya a kan idona aka yi, a tsaye yake, ya juya wa hannun kujerar baya. Ba a yi masa komai ba, tun yana ɗan mitsitsi muka karɓe shi.

Mai Jinyar Dabbobi: To wannan balaga ce, shata iyaka yake yi, yana sanar da duk wani muzuru cewa nan gidansa ne. Yawanci daga wata 6 zuwa sama suke farawa. Fitsarin muzurun da ba a fiɗiye ba ya fi na kowace mage ɗoyi, saboda wani sinadari mai suna felinin da jikinsa yake yi da yawa, in ya ruɓe sai ya ba da warin nan mai hawa kai. Fiɗiya tana rage warin, kuma mafi yawansu suna daina feshin, kusan 9 cikin 10. Gara a yi da wuri kafin ya zame masa ɗabi'a.

Ga sauran masu karatu: in mage tana tsugunawa a wani wuri ba cikin tirenta na bahaya ba, sau da yawa ciwo ne, ko tiren ne ya yi mata datti. A kwashe shi kullum, kuma ƙa'idar da muke bayarwa ita ce tire ɗaya ga kowace mage, a ƙara ɗaya a kai. Wanda kuma ya ga muzurunsa yana ta zarya yana yunƙuri yana kuka, fitsari ba ya fita ko sai ɗigo da jini, kada ya jira gari ya waye. Toshewar mafitsara ce, tana iya kashe shi cikin kwana ɗaya zuwa biyu.

Inna Mai Kyanwa Bakwai: Ɗana wato ni tire takwas zan jera? A ina zan sa ƙafa?

Mai Jinyar Dabbobi: Inna ke ai sai dai a gina musu sashensu. Amma ko huɗu ne, a rarraba su wurare daban-daban, kada a jera su a layi ɗaya.

Baban Kwikwiyo: Ku ba ni aron zauren kaɗan. Nawa kwikwiyo ne ɗan wata 3. Ƙasan gidan tayil ne, ina gogewa da mofa sau biyu a rana, amma baranda tana tashi. Sannan a ɗaki ɗaya da aka shimfiɗa katako ya bar mini baƙin tabo kamar an ɗiga tawada. Wani abokina ya ce in dangwala masa hanci a wurin in ɗan make shi zai daina.

Mai Jinyar Dabbobi: Yaya don Allah kada ka yi. Abin da zai koya kawai shi ne tsoronka, sai ya koma yi a ɓoye bayan kujera inda ba za ka gani ba sai ya bushe. Ɗan wata 3 bai iya riƙe fitsari ya daɗe ba. Ka fitar da shi da ya tashi daga barci, da bayan ya ci, da bayan wasa, in ya yi a waje ka yaba masa a take. Kuma ka duba abin da kake goge ƙasan da shi. In akwai ammoniya a ciki, a hancinsa warin fitsari ne, kai da kanka kake nuna masa wurin.

Tsohon Kafinta: Tayil ba ya riƙe wari, layin simintin da yake tsakaninsu ne yake sha. Mofa kuma ɗaukar fitsarin take yi ta raba wa ko'ina. Ka fara tsotsewa da tsumma, sannan ka bi layukan da tsohon buroshin haƙori da maganin. Mofar ma ka shinshina ta, wataƙila ita ce mai laifin.

Katakon kuwa ba datti ba ne a kai da za ka goge. Ammoniyar ce ta ratsa fentin ta haɗu da sinadarin da yake cikin itacen, launinsa ya juye. In bai yi zurfi ba, ka jiƙa farin ƙyalle da ruwan haidurojin feroksayid na kashi 3 cikin 100, irin na wanke ciwo, ka shimfiɗa a kan tabon, kana ɗagawa kana dubawa. Zai yi haske a hankali, amma ka sani zai iya fin na kewayensa haske, sai an goge da sanfefa an sake shafa mai. In ya ci ciki sosai har katakon ya kumbura, cire fallen ake yi.

Malamin Kimiyya: Ƙari a kan maganar Baba: wanda ƙasan gidansa mabul ne ko tarazo, ya nisanci khal da lemon tsami, suna cinye ƙyallin dutsen su bar dusasshen wuri da ba ya gyaruwa sai an sake gogewa da inji. Daɓen siminti tsirara kuma sha yake yi kamar soso, sai an jiƙa an maimaita, ya bushe sarai, sannan a shafe shi da fenti mai toshe ƙofofinsa. Masu darduma ta ulu ko siliki su karanta kwalba da kyau, wasu enzayim ɗin suna cin irin wannan zaren.

Gimbiyar Tsafta: To na ji, na ajiye bilic. Amma maganin kashe ƙwayoyin cuta fa, irin wanda in an zuba a ruwa yake komawa fari kamar madara? Shi ma laifi ne?

Mai Jinyar Dabbobi: Hajiya a gidan da yake da mage, shi ma a yi hattara. Da yawa daga cikin irinsu suna da finol ko danginsa, hantar mage kuwa ba ta iya sarrafa shi. Za ta taka jiƙaƙƙen wuri, ta zauna ta lashe tafinta, shi ke nan ya shiga cikinta. In dole ne, a fitar da ita, a ɗauraye da ruwa, ƙasa ta bushe kafin ta dawo. Amarya, ke kuma in Allah ya kawo rabo ki bar wa ango kwasar kashin mage, saboda cutar tokzo da take iya taɓa ɗan ciki. Ƙwayar sai ta yi kwana 1 zuwa 5 a cikin kashin kafin ta iya kama mutum, shi ya sa kwashewa kullum take da amfani.

Amaryar Bana: Na ɗauki hoton wannan amsar na tura masa.

Mai Kula da Zaure: Jama'a mun gode. Masu turo tallar kaya a ƙarƙashin wannan tattaunawar, na goge uku, na huɗu da mai shi zai fita.

Maman 'Yan Biyu: Salam, na dawo da bayani bayan sati biyu. An yi wa muzuru aiki, ya warke, yana nan yana harararmu. Sau ɗaya ya sake fesawa a satin farko, likitan ya ce dama sai a hankali abin yake barin jikinsa. Soson na yi yadda Baba ya ce, wallahi ruwan da ya fito a matsar farko ban so yara su gani ba. Kwana uku yana jingine. Na sa maƙwabciyata ta shinshina, tunda an ce kada in yarda da hancina, ta ce matashin lafiya lau. Hannun kujerar ne har yanzu in ka kanga hanci kana jin ɗan abu, ɗuri biyu na yi masa. Inna, khal ɗinki ma ya yi rana, da shi na tare na satin farkon tun da ɗanyensa.

Inna Mai Kyanwa Bakwai: Malam ka ji ko?

Malamin Kimiyya: Na ji Inna, ai ban taɓa musun sabo ba. Maman 'Yan Biyu, in kina iya samun tocilan nan mai shuɗin haske ta duba kuɗi, ki kashe fitilu da daddare ki haska falon. Busasshen fitsari yana ƙyalli, rawaya-rawaya zuwa kore. Ki zagaye wurin da alli don ki gane shi da safe. Sai dai ragowar sabulun wanki ma yana ƙyalli, shi fari ne mai shuɗi-shuɗi, kada ya ruɗe ki.

Tsohon Kafinta: Hannun kuma ki kifa kujerar, ki ɓalle baƙin ƙyallen da yake ƙasa daga gefe ɗaya, ki leƙa katakon. In ya yi duhu a wurin, shi ne. Ki jiƙa shi da maganin, ya bushe, ki shafe da banish hannu biyu.

Maman 'Yan Biyu: Malam na samo tocilar, yanzu na gama haskawa. Kujera da sauƙi. Amma ƙasan labulen taga, da gefen akwatin talabijin, da takalmin maigidan na fita unguwa da yake ajiyewa bayan ƙofa, duk suna ƙyalli. Bai sani ba tukuna, yana barci. Baba, fatar takalmin kuma ya ake yi da ita?